Hamsin cikin ɗari: abin da mai awon jini ke gani a tseren keke

Aikina awon jini ne, a wani ɗakin awo a nan cikin garin Maraɗi. Cikin duk awon da muke yi akwai wani mai sauƙi ƙwarai. Ka soki yatsa, ka zuƙi ɗigon jini cikin siririn bututun gilashi, ka toshe gindinsa, ka sa shi a injin da ke juya shi da gudu na minti biyar. In ka fitar sai ka tarar jinin ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama, da ɗan farin zare a tsakaninsu. Jan nan shi ne jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iska daga huhu zuwa tsoka. Sai ka ɗora bututun a kan ma'auni ka karanta kashi nawa cikin ɗari ja ya ci. Namiji mai lafiya yakan kama tsakanin 40 da 50, mace ƙasa da haka kaɗan.

Daga Agusta zuwa Oktoba, in zazzaɓin cizon sauro ya kankama, lambobin da nake karantawa daban ne. A kawo yaro daga wani ƙauyen Madarunfa ko Gidan Runji, tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama, ka duba ka ga 15, wani lokaci 12. Maganar da ke biyo baya kowa ya san ta: ku nemo mai ba da jini. Uba ya fita tsakar gida yana kiran dangi a waya, wannan ya ce yana gona, wancan ya ce shi ma jinin bai ishe shi ba.

Shi ya sa ba na iya kallon tseren keken Faransa yadda sauran ƴan fadarmu ke kallonsa. Ba wasanmu ba ne, na sani. A nan keke na zuwa gona ne da ɗauko jarkar ruwa da kai yaro lakwal. Amma tun 2024, da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi tara maki, ƴan fada suka yarda a riƙa barin tashar a watan Yuli in babu ƙwallo. Zango 21 ne cikin mako uku, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, wato ka tashi daga nan ka je Yamai wajen sau biyar, ga hawan duwatsun da mota ma sai ta yi nishi. Su suna kallon ƙafa. Ni lamba nake lissafawa, don wanda zai riga kowa kai wa ƙolin dutse shi ne wanda jininsa ya fi kai wa tsoka iska.

Jiki yana da hanyarsa ta ƙara jini. In iska ta yi ƙaranci, ƙoda ta saki wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyi. Wanda ƙodarsa ta lalace ba ya samun wannan umarni, sai ya yi ta fama da rashin jini. Domin irin waɗannan marasa lafiya aka haɗa EPO na allura, Amurka ta amince da shi a 1989. Ba a jima ba ya shiga jakar ƴan tseren keke, kuma aka shafe wajen shekara goma babu awon da ke gano shi. Mutum mai 43 ya wayi gari da 55. Bjarne Riis ɗan Danmak, wanda ya ci tseren 1996, har laƙabi aka yi masa da mai kashi sittin, kuma a 2007 da bakinsa ya amsa cewa ya yi allurar.

Jinin da ya kai 60 ya zama kamar kunun da ya kwana, kuma zuciya ce za ta tura shi. Zuciyar ɗan tsere in yana barci takan sauka ƙasa da bugu 40 a minti. Tsofaffin ƴan tsere sun ba da labarin yadda suke saita agogo ya tashe su tsakar dare su motsa jiki don kada jinin ya tsaya. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 samari ƴan tsere da dama a Holan da Beljiyam sun mutu kwatsam, wasu cikin barci, kuma EPO aka fi zargi.

A 1997 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka: duk wanda aka auna ya haura 50, ya huta mako biyu. Ba su ce ya yi maguɗi ba, sun ce don lafiyarsa ne. A kan wannan doka aka fitar da Marco Pantani daga tseren Italiya a 1999, yana kan gaba, saura kwana biyu a gama, da aka same shi da 52. Amma abin da dokar ta haifar shi ne kowa ya mai da 49 wurin zama. Ƙungiyoyi suka sayi irin injin da ke kan teburina suna yawo da shi otal-otal. In an ji masu awo sun iso da asuba, sai a yi maza a sa wa ɗan tsere ƙarin ruwa, jinin ya tsinke, lamba ta sauka. Wannan dabara ko ɗalibin da ya yi wata uku a ɗakin awo ya gane ta.

Akwai wani abokina a fada, mai sayar da kayan babur, wanda muke ce wa Alhaji tun kafin ya je Makka. Shi ra'ayinsa ɗaya ne kuma ba ya sauya shi. "Malam, ku daina wahalar da kanku. A buɗe wa kowa, kowa ya sha abin da ya ga dama, a ga namiji. In kowa ya sha ai an yi kunnen doki." Ba shi kaɗai ba ne, har masu kuɗi a waje sun kafa gasa a kan wanga ra'ayi, suna kiranta Enhanced Games. Ni kuwa lambobin nan su suka hana ni yarda. Ɗauki mutum biyu ƙarƙashin dokar hamsin. Ɗaya Allah ya yi shi da 41, ɗaya da 48. Na farko yana da tazarar takwas ko tara da zai cike da allura, na biyu ɗaya ko biyu kacal. Wanda a da yake baya sai ya dawo gaba, ba don ya fi horo ba. Sannan ga kuɗi. Rahoton hukumar yaƙi da maguɗin wasanni ta Amurka na 2012 ya nuna ɗan tseren keke Lance Armstrong ya biya likitansa ɗan Italiya, Michele Ferrari, sama da dala miliyan ɗaya cikin shekaru. Ɗan ƙaramar ƙungiya kuwa shi ke yi wa kansa allura a banɗaki da abin da ya ji a bakin wani. Ina kunnen dokin yake?

Labarin Armstrong kowa ya ji: ya warke daga ciwon daji, ya ci tseren Faransa sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, aka ƙwace duka a 2012, ya amsa laifi a gaban Oprah Winfrey a Janairun 2013. Ba a ba kowa kambunan ba, an bar shekarun bakwai fayau, don akasarin waɗanda ke biye da shi su ma hannunsu ba wanke yake ba. Mutumin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne Christophe Bassons, Bafaranshe. Yana ƙungiyar Festina a 1998, shekarar da aka tare motar ma'aikacinsu Willy Voet a iyakar Beljiyam da Faransa cike da allurai, abin da ya kai ga kafa hukumar yaƙi da maguɗin wasanni ta duniya, WADA, a 1999. Abokan tserensa da kansu suka shaida cewa shi bai taɓa ba. A tseren 1999 ya riƙa rubutu a jarida yana cewa ba abin da ya canza. Sai ƴan tsere suka daina yi masa magana, Armstrong ya matso kusa da shi a kan hanya ya ce masa in bai ji daɗi ba ya kama gabansa. Ya fice daga tseren kafin a gama, ya ajiye sana'ar a 2001 yana ɗan shekara 27. To wannan ita ce amsata ga Alhaji. Randa aka buɗe wa kowa, ba zaɓi aka ba mutane ba, an rufe ƙofa ne ga wanda ba ya so.

Da aka samo awon EPO a 2000, sai suka koma tsohuwar hanya, wadda ta fi taɓa ni don sana'ata ce. A ɗebi jinin mutum da sanyi, a ajiye, a mayar masa a tsakiyar tsere. A Mayun 2006 ƴan sandan Sifaniya suka shiga gidajen da likita Eufemiano Fuentes ke aiki a Madrid suka tarar da ledojin jini wajen 200, an rubuta musu sunayen ɓoye, wasu da sunan karen mai jinin. Mu da muke wannan aiki mun san jini ba ya son wasa. Tsakanin digiri 2 da 6 ake ajiye shi, yana da iyakar kwanaki, kuma in wuta ta ɗauke hankalin kowa na kan firij kafin a tuna da fanka. A 2011 aka kai Riccardo Riccò ɗan Italiya asibiti rai a hannun Allah, ƙoda na neman tsayawa, likitan da ya karɓe shi ya ce ya faɗa masa jinin kansa ya mayar, wanda ya ajiye a firij na gida. Saurayi lafiyayye ke nan. Abin da na ga ya yi ma'ana cikin matakan da aka ɗauka shi ne na 2008, da aka buɗe wa kowane ɗan tsere kundin jininsa, ana auna shi akai-akai ana gwada shi da kansa. Ba sai an ga maganin ba. In sababbin ƙwayoyi suka yi tsalle ko suka faɗi ba dalili, jinin ya ba da shaida.

Alhaji ba ya rasa ta cewa. "To ƴan kokawa fa, Malam? Wa ya taɓa shiga fili ba shiri?" Gaskiyarsa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu namu ya ɗauko shi, wanda filin kokawar garin nan ke ɗauke da sunansa, ba a raba ɗan kokawa da laya da guru da rubutun sha. Ka ga ƙato ya durƙusa a bakin fili yana tone ƙasa, yana watsa wani ruwa gabas da yamma, alƙali na jira. Ni ba zan shiga gardamar ko laya na ci ko ba ta ci ba. Abin da na sani, a bainar jama'a ake ɗaura ta, abokin karo yana gani, shi ma ga tasa a damtse, kuma ban taɓa auna jinin wanda laya ta kashe wa ƙoda ba. Tsorona yana wani wuri. Kyautar takobi yanzu miliyoyin sefa ce, kuma duk inda kyauta ta yi nauyi mai sayar da allura zai nemi hanya. Gara a saba wa ƴan kokawarmu da awo tun ana dariya.

Amma in maganar shan ƙwaya don a fi ƙarfin jiki ake yi, ba sai mun je Faransa ba, ba ma sai mun je filin wasa ba. Tramol yana nan a bakin tasha da bakin kasuwa. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100 don ciwo mai tsanani, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tire 200 ne ko 225 ƙwaya ɗaya, a jefa biyu cikin kofi da safe. An taɓa kawo mana wani yaro ɗan dako, bai fi shekara ashirin ba, ya faɗi yana farfaɗiya a gindin babbar mota ana tsakar sauke buhuna. Ya ciji harshensa, rigarsa duk jini da ƙurar masara. Da ya dawo hayyacinsa ina ɗaure masa hannu zan ɗebi jini, na ce, "Ƙanena, me ya kai ka?" Bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya, kan buhu ake biya. Waɗanda ke sha ba sa zama. In na ce zan huta, gobe mai mota ba zai kira ni ba." Bai san Bassons ba, amma a rami ɗaya suke. Mai mota bai ce wa kowa ya sha ba, bai ma bukatar ya ce.

Ƙwayar nan kuwa ita ce dai a can. Ƴan tseren keke sun daɗe suna shan tramol a ƙarshen zango don kashe zafin cinya, har ana danganta shi da yawan faɗuwa saboda jirin da yake sa wa. UCI ta hana shi a 2019, aka soke wa Nairo Quintana ɗan Kolombiya matsayi na shida a tseren 2022 a kansa, WADA kuma ta hana shi a duk wasanni daga farkon 2024. Shi Quintana yana da lauyoyi da likitoci. Yaron nan da aka sallame shi kasuwa ya koma.

Saura maganar da ake ta yi yanzu, ta taɓa ƙwayoyin gado. A nan ma Alhaji yana da hujja, kuma ita ce mafi ƙarfi, don akwai waɗanda aka haifa da abin da wasu ke saya. Eero Mäntyranta ɗan Finlan, mai tseren kan ƙanƙara, ya ci lambobin Olamfik bakwai daga 1960 zuwa 1968. Jininsa yakan kai 68, lambar da in na gan ta sai na sake awon. A 1993 masu bincike suka gano gado ne a danginsu: ɓargonsu yana jin kiran EPO fiye da kima. (Shi ma duk da wannan baiwa an kama shi da ƙwayar ƙara kuzari a 1972, ka ji ɗan Adam.) Mu ma mun san zaɓen iri. Jar akuyar Maraɗi ba da ka ta zo ba, zaɓe ne na shekara da shekaru. A Beljiyam akwai shanun da tsoka ta yi musu ninki biyu saboda ƙwayar gadon da ke taka wa tsoka birki ta lalace, har akasarinsu sai an yi musu tiyata suke haihuwa. A 1997 aka kashe wannan ƙwaya a jikin ɓeraye a Amurka suka yi irin wannan tsokar. A 1998 Lee Sweeney ya sa wa ɓeraye wata ƙwayar ta daban don neman maganin shanyewar tsoka, ya ce da labarin ya fita ƴan wasa da masu horar da su suka yi ta kiransa suna neman a yi musu. WADA ta haramta abin tun 2003. A 2006, a shari'ar wani mai horar da ƴan gudu a Jamus, Thomas Springstein, aka ga saƙonsa yana cigiyar Repoxygen, wani maganin ƙwayar gado da aka tsara don jiki ya riƙa yin EPO da kansa, wanda ba a ma gwada shi a kan mutum ba.

An gwada irin wannan a kan birai. Wasu jininsu ya yi ta hawa har sai an riƙa ɗibar musu don kada su mutu. Wasu kuma garkuwar jikinsu ta juya ta yaƙi EPO ɗin, har da nasu na asali, suka faɗa mummunan rashin jini. Allura in ka daina, cikin makonni jini ya koma yadda yake. Ƙwayar da aka dasa a tsoka ba ta da wurin kashewa.

Ba wai ina ƙin ilimin ba ne. Ni da nake rubuta SS a takardar jariri ina miƙa wa uwarsa, na fi kowa son ya ci gaba. Mai AS in ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini, wato sikila, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan yaro in ciwon ya tashi cikin sanyin hunturu ba zai manta ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka yi da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR, kuma don masu sikila aka yi shi. Ana ɗibar ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, sannan a mayar. Makonni a gadon asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ya haura sefa biliyan ɗaya. Mai sikila in ya yarda da wannan kasada, ciwonsa ne ya fi ta. Lafiyayyen saurayi kuwa babu abin da zai sa ya yarda sai in an tsare masa hanyar abinci, ko kuma ba a faɗa masa gaskiya ba.

Kuma an taɓa yin hakan, ba hasashe ba ne. Jamus ta Gabas ta mai da shi tsarin gwamnati a 1974. Dubban ƴan wasa, ciki har da ƴan mata masu ninƙaya da ba su kai sha biyar ba, aka riƙa ba su ƙwayar Oral-Turinabol mai sinadarin maza ana ce musu bitamin ne. Muryoyinsu suka buɗe, hanta ta lalace, wasu suka yi ta ɓari bayan sun yi aure. Ba su suka zaɓa ba, masu horar da su da likitocinsu ne suka miƙa musu a tafin hannu bayan atisaye. Yau yaran da ke cika sansanonin gudu a Kenya da Habasha, da makarantun ƙwallo na Afirka ta Yamma, ƴaƴan talakawa ne da duk gidansu ke jiran su fita waje, kuma ba mai tambayar abin da ke cikin sirinji in wanda zai kai shi Turai ne ya riƙe shi. Shugaban wasannin Jamus ta Gabas, Manfred Ewald, an gurfanar da shi a Balin a shekarar 2000, matan da aka lalata wa jiki suka zo suka ba da shaida a gabansa. Aka yanke masa wata 22 na je-ka-gyara-halinka, ya koma gida.